Ma'anar DHCP, da shawarar nan ta "a kashe shi"

Tun da akwatunan wifi suka yawaita a gidajen Yamai, DHCP ya shiga bakin masu haɗa rezo, musamman idan maigida ya sayo ruta (wato akwatin wifi) ta biyu domin ya taƙaita wa yara intanet. Shawararsu kusan kullum ɗaya ce, wai a kashe shi.

DHCP shi ne sashen ruta da ke ba kowace waya ko kwamfuta aron adireshin IP, wato lambar da ake gane ta da ita a rezo, idan ta shigo, ya kuma nuna mata ƙofar fita zuwa intanet. Rikici yakan taso ne idan aka haɗa ruta biyu a rezo ɗaya, kowace tana amsa 192.168.1.1, kowace kuma tana rabon lambobi, sai wayoyi biyu su samu lamba ɗaya, ko kuwa a ga alamar wifi a cike amma shafi ya ƙi buɗewa. Kashe DHCP na ta biyun, tare da sauya mata adireshi, yana magance wannan, babu musu.

Abin da ba a gaya wa maigida shi ne, da zarar an yi haka kuma an soka kebul ɗin da ya taho daga ruta ta farko a ramin LAN, wato ramin haɗa na'urorin cikin gida, ruta ta biyu ta koma mai ƙara nisan wifi kawai, kuma a yawancin na'urori dokokin da aka sa na hana wasu shafuka ko ƙayyade lokacin hawa ba za su yi aiki ba, domin suna kama abin da ya ratsa ta ramin WAN ne, wato ramin da intanet ke shigowa ta cikinsa. An kawar da rikici, an kuma kawar da dalilin sayen na'urar, wanda a ganina aikin banza ne da aka biya kuɗi a kansa. Mai son tacewa ya soka kebul ɗin a ramin WAN, ya ba ruta ta biyu adireshi na daban kamar 192.168.2.1, ya bar DHCP ɗinta a kunne, sannan ya ɓoye wa yaran lambar sirrin ta farko.

Ko a nan ma, toshe waya ta adireshin MAC, wato lambar shaida da kowace na'ura ke zuwa da ita, ya raunana, tunda daga Android 10 na 2019 da iOS 14 na 2020 wayoyi suna nuna adireshin aro wanda yaro zai iya sauyawa. Gara a rubuta wayoyin da aka yarda su shiga, a hana duk sauran.