Waiwaye: yadda kwantiragin Calipari ya ɗaure hannun Jami'ar Kentucky

A jami'o'in Amurka, muhawara kan ko kocin ƙwallon kwando ya cancanci a tsawaita masa kwantiragi takan taso duk watan Maris, lokacin gasar NCAA, wato gasar cin kofin ƙasa ta jami'o'i, wadda rashin nasara ɗaya ke fitar da ƙungiya. Abin da ya faru tsakanin John Calipari da Jami'ar Kentucky ya nuna cewa sau da yawa sharuɗɗan da aka sa wa hannu tun shekarun baya ne ke yanke hukunci kafin a kai ga duba sakamakon fili.

Calipari ya zo Lexington, garin da Jami'ar Kentucky take, daga Jami'ar Memphis a 2009, bayan an sallami Billy Gillispie wanda kaka biyu kacal ya yi. Kentucky wuri ne da haƙurin magoya baya ba shi da tsawo, domin a lokacin tana da kofin ƙasa bakwai, huɗu daga ciki a zamanin koci Adolph Rupp, wanda aka sa wa filin wasanta sunansa. Sabon kocin ya gina tsarinsa ne a kan dokar NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, da ta fara aiki a 2006, wadda ta hana ɗaukar matashi sai ya kai shekara 19 kuma ya yi shekara guda da gama sakandare. Sai ya riƙa tattaro zaratan matasa su yi kaka ɗaya su wuce, kuma da farko abin ya yi kyau matuƙa. A 2010 NBA ta ɗauki 'yan wasansa biyar a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa, John Wall ne na ɗaya. A 2012, da Anthony Davis, ya doke Kansas ya ɗauki kofi na takwas. Sau huɗu ya kai wasan kusa da na ƙarshe tsakanin 2011 da 2015, ciki har da kakar da ya ci wasa 38 a jere kafin Wisconsin ta taka masa birki.

A 2019 rahotanni suka nuna cewa Jami'ar UCLA na zawarcinsa, sai Kentucky ta yi maza ta ba shi kwantiragin shekara 10 na kusan dala miliyan 86, tare da damar ya ajiye horarwa daga baya ya koma mataimaki na musamman ga daraktan wasanni, abin da ya sa 'yan jarida suka kira shi kwantiragin har abada. Hujjar jami'ar tana da ƙarfi a ranar: iyayen matashin da ake nema sukan so tabbacin cewa kocin da ya zauna a falonsu yana lallashinsu zai daɗe, kuma rasa Calipari ga wata babbar makaranta zai zama abin kunya. Sai dai a ganina an biya shi ladan abin da ya riga ya wuce ne, domin shekara huɗu ke nan rabonsa da wasan kusa da na ƙarshe, kuma jami'ar ta ɗauki nauyin biyan kaso mai tsoka na sauran kuɗin idan ta kore shi ba tare da laifi ba.

Daga nan ƙasa ta fara zamewa. A kakar 2020 zuwa 2021 ƙungiyar ta ci wasa 9 ta sha kashi a 16. A 2021 ɗin ne kuma dokoki suka sauya, aka ba ɗalibai damar sauya makaranta su buga nan take, aka kuma halatta musu samun kuɗi da sunansu da hotonsu, don haka abokan hamayya suka cika ƙungiyoyinsu da 'yan shekara 22 da 23 masu gogewa, waɗanda yara 'yan 18 ba sa iya ture su. A 2022, duk da Oscar Tshiebwe ɗan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango wanda aka zaɓa gwarzon shekara, ƙaramar jami'ar Saint Peter's ta fitar da Kentucky a zagayen farko. A 2023 Kansas State ta fitar da ita a zagaye na biyu. A 2024 kuwa Oakland ce ta yi mata ci 80 da 76, inda Jack Gohlke, wanda ya taso daga benci, ya zura jifan maki uku har sau 10.

Magoya baya suka yi ca, amma korar Calipari a lokacin za ta ci wa jami'ar fiye da dala miliyan 30. Daraktan wasanni Mitch Barnhart ya sanar cewa kocin zai ci gaba da aiki, kuma mutane da yawa sun ɗauka cewa lissafin kuɗin ne ya yi magana. Ba a yi wata guda ba, a Afrilun 2024, Calipari da kansa ya koma Jami'ar Arkansas, wadda ke rukuni ɗaya da Kentucky, a kan kwantiragin shekara biyar. Tafiyar tasa ta raba Kentucky da biyan kuɗin sallama, amma sa'a ce ta cece ta, domin babu wata dabara da ta rage mata.

Jami'ar ta ɗauko Mark Pope, ɗaya daga cikin kyaftin ɗin ƙungiyar da ta ci kofin 1996, ta ba shi shekara biyar a kan albashin da bai kai na magabacinsa ba. A Fabrairun 2025 Calipari ya dawo Rupp Arena da Arkansas ya yi nasara, a watan Maris kuma ƙungiyoyin biyu duk suka kai zagayen 'yan 16 suka tsaya a nan.