Wai mene ne "dinamik" ɗin nan da ya ishi kunnuwanmu?

Yanzu a Yamai da wuya ka kunna rediyo ka kai rabin awa ba ka ji kalmar nan ba. Matasa dinamik, shugaba dinamik, ƙungiyar mata dinamik. Wannan bai dame ni ba, don Faransanci ne da aka daɗe ana yabon mai kuzari da shi, ko yaron da ya gama lise jiya yana neman aikin gadi sai ka tarar ya rubuta ta a takardarsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Kwanan baya ana bikin buɗe shafin intanet na wata ma'aikata, sai mai fassara ya bayyana wa jama'a da Hausa cewa shafin dinamik ne, "wato hotuna na motsi a ciki, rubutu na gudu, kamar talabijin". Aka tafa masa. Ni kuwa ina zaune a fada, shayin hannuna har ya huce don takaici.

Asalin kalmar Girkanci ne, dunamis, ma'ana ƙarfi ko iko. Daga nan Alfred Nobel ya raɗa wa nakiyarsa suna dinamit a 1867. Daga nan kuma aka sami dinamo, wanda duk ɗan zamaninmu da ya tashi a Tawa ya san shi. Kawuna yana da wani baƙin keke, a jikin ƙafar gaba akwai ɗan ƙarfe mai siffar kwalbar turare. Idan magariba ta yi sai ya danna shi ya jingina da taya, ya hau. Yana tuƙi fitila na ci, in ya ƙara wuta ta ƙara haske, in ya tsaya gaisawa da wani a ƙofar masallaci sai duhu ɗif. Mu yara muna ɗaga ƙafar keken mu juya ta da hannu don mu ga fitilar ta farka, mu yi ta leƙen cikinta muna neman inda hasken yake ɓoye. Babu inda yake ɓoye. Ba a ajiye shi kamar yadda batir ke ajiye wuta a tocila, ana ƙera shi ne a daidai lokacin da ake son sa. Wanda ya gane dinamon keke ya riga ya gane shafi dinamik.

Shafin intanet iri biyu ne. Akwai wanda aka rubuta sau ɗaya aka ajiye a saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin. Duk wanda ya nema, takarda ɗaya ake miƙa masa, tamkar sanarwar da aka manna a bangon ofishin magajin gari. Shafin farko da Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro shafukan intanet, ya ɗora a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a 1991 irin wannan ne, shi ne daskararren shafi. Na biyun kuwa babu shi a ko'ina sai ka nema. Ɗalibi ya shigar da lambarsa yana neman sakamakon jarrabawa, sai wani shirin kwamfuta da ke zaune a saba ya karɓi lambar, ya shiga rumbun bayanai ya ɗauko makinsa, ya cike gurabe a wata takarda da aka tanada, ya aiko masa. Ɗalibin da ke bayansa a layin sibar ya sa tasa lambar, a sake ƙera wata. Tun 1993 aka sami hanyar yin haka da ake kira CGI, a 1995 kuma Rasmus Lerdorf ya fitar da PHP, yaren rubuta irin wannan shiri, wanda da shi aka fara gina Facebook. Shafin sakamakon nan yana iya zama baƙi da fari, babu hoto ko guda, kuma dinamik ne cikakke. Wancan mai tutar da ke kaɗawa da rubutu mai gudu yana iya zama daskararre da ba a taɓa shi ba shekara uku.

Ruɗanin da ya fi ba ni haushi ma ba na motsin hoto ba ne. Shi ne na masu zaton abu in dinamik ne to duk inda aka kai shi zai ci gaba da sabunta kansa. Na ga wannan da idona.

Ɗan ƙanwata ya karanta ilimin kwamfuta, sai wasu ƴan kasuwar albasa suka sa shi ya yi musu ɗan shafi. Kowace safiya wakilinsu a Galmi yana shigar da farashin buhu ta wayarsa, duk ɗan ƙungiya ya shiga da lambar sirri ya gani. Babbansu wani Alhaji ne da ke zaune a Abijan, ya ce shi ba ya iya wannan shige da ficen, a aiko masa da shafin ta imel kawai. Yaron ya ce ai wannan aikin minti goma ne. Sati guda ya yi a kai.

Da farko ya umarci saba ta buɗe shafin da kanta kamar baƙo, ta kwafe abin da ta gani ta aika. Abin da ya isa Abijan shi ne akwatin nan mai cewa sa sunanka da lambar sirrinka. Dalili kuwa, shafin yana gane mutum ne da ɗan tambarin da ya bari a burawuzarsa, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, lokacin da ya shiga, ita kuma saba ta zo ƙofar gidanta ba tambari, mai gadi ya hana ta. Sai ya canza dabara, ya sa shirin ya ƙera shafin a cikin gida, ya tare rubutun HTML ɗin, wato yaren da ake tsara shafi da shi, kafin ya fita zuwa burawuza, ya zuba shi cikin wasiƙa. Farashi ya isa, amma hotuna duk suka zama akwatuna wayam. A cikin shafin an rubuta adireshin hoto a gajarce, kamar ka ce "yana ɗakin gefe". A gidanku wannan kwatance ne mai kyau. Wasiƙar da aka buɗe a Abijan ba ta san wane gida ba balle ɗakin gefe, dole a rubuta cikakken adireshi, ko a cusa hoton cikin wasiƙar kanta.

Wannan duk gadon imel ne. Ya girmi shafukan intanet da shekara ashirin, tun 1971 Ray Tomlinson ya sa alamar @ a tsakanin suna da na'ura. Ƙa'idar aika shi, SMTP, ta 1982 ce, kuma don rubutu zalla aka yi ta. Sai a 1992 aka ƙaro MIME, wadda ta ba da damar haɗa hoto da takarda da launi, har a aika saƙo ɗaya kwafi biyu, na rubutu zalla da na HTML, na'urar mai karɓa ta zaɓi wanda take iyawa. Har yau akwatin imel ba burawuza ba ne. Gmail da ire-irensa ba sa barin JavaScript, wato shirin da shafi ke gudanarwa a na'urar mai karatu, ya yi aiki a cikin wasiƙa, kuma da gaskiyarsu, in ba haka ba kowane ɗan damfara sai ya aiko maka da shirinsa har cikin ɗaki. Tsohon samfurin Outlook na Windows, manhajar imel ta Microsoft, tun 2007 da injin Word yake nuna wasiƙa, shi ya sa tsarin da ya yi kyau a waya yake wargajewa a can. Gmail kuma in saƙo ya wuce kilobayit 102 sai ya datse masa wutsiya. Yaron ya koma jera farashin a tebur mai layi-layi, irin aikin da malamansa suka ce an daina.

Aka zauna lafiya kamar wata guda. Ran nan da daddare waya ta shigo, ina wurin, ya sa ta a sifika don hannunsa na cikin tuwo.

"Ɗana, me ka yi mini haka? Na yi ciniki da farashin da ke cikin wasiƙarka, na kira Galmi an ce buhu ya tashi."

"Alhaji, wasiƙar wace rana kuka buɗe?"

"Wadda na gani a sama mana. Ai kai da bakinka ka ce mini abin nan dinamik ne, shi ke gyara kansa."

Ta Litinin ce, ranar kuwa Alhamis. Saƙon Talata da na Laraba sun faɗa akwatin tarkace, inda imel ke jefa saƙonnin da yake zargi, na Alhamis bai fita ba don an ɗauke wuta wakilin bai shigar da komai ba. Yaron ya yi ta ba da haƙuri, amma ni a ganina laifinsa ɗaya ne, ya yi amfani da kalmar don ya burge dattijo bai fassara ta ba. Dinamon yana can cikin saba. A daidai daƙiƙar da aka danna aikawa, keke ya tsaya, abin da ya tafi hoton fitila ne tana ci. Ko shekara goma Alhaji ya ajiye wasiƙar nan, farashin Litinin da ƙarfe takwas na safe za ta nuna masa. A wasiƙa irin wannan, abu ɗaya da ke iya canzawa bayan an aika shi ne hoton da ba a cusa a ciki ba, wanda ake ɗaukowa daga saba lokacin buɗewa, kuma da wannan ƙofar ce masu talla ke gane ka karanta saƙonsu.

Tun da ba alƙali ba ne ni, bari in faɗi ra'ayina. Kalmar ta zama abin ƙara kuɗin kwangila. Ofishin da shafinsa bai ƙunshi komai ba sai adireshi, lokacin buɗewa da takardun da za ka zo da su, me zai yi da dinamik? Daskararren shafi ya fi saurin buɗewa a wayar da ke fama da sanda ɗaya ta rezo a Abalak, ya fi wuyar kutse, ba ya faɗuwa don rumbun bayanai ya yi gardama. Amma wa zai tsaya gaban kyamara ya ce ya kawo wa ma'aikatarsa shafi daskararre? Da za a tambaye ni Hausarsa, sai in ce "shafin nan-take" da "shafin ajiye", ko mu ari bakin tela mu ce ɗinkin awo da ɗinkin rataye.

Yaron dai ya sa kwanan wata da awa da jan rubutu manya a saman kowace wasiƙa, a ƙasa ya sa mahaɗin da ke kai mutum shafin na gaske. Alhaji yana karanta jan rubutun, mahaɗin kuwa bai taɓa danna shi ba, sai ya kira Galmi ya tambaya.