Tayar Doguwar Tafiya ta Ƙaramar Mota: Zaɓe da Saye a Accra da Kumasi

Tayar doguwar tafiya nau'i ce ta tayar ƙaramar mota da aka ƙera don zirga-zirgar yau da kullum a kan kwalta. Abin da ake nema gare ta shi ne ta daɗe ba ta cinye ba, ta rage ƙara da jijjiga, ta kuma riƙe hanya idan an yi ruwa. A sunanta ko a jikinta akan ga an rubuta Touring ko Grand Touring. Tana tsakanin tayar araha da tayar motocin gudu, wadda robarta ke kama ƙasa sosai amma ba ta daɗewa. Daga cikin sanannun irinta akwai Michelin Primacy da Defender, Bridgestone Turanza, Continental TrueContact Tour, Goodyear Assurance, Pirelli Cinturato P7 da Hankook Kinergy. Ita ce ta fi dacewa da motoci irin su Corolla, Camry, Elantra da Civic, waɗanda ke yini cikin cunkoson Accra, wani lokaci kuma su kama hanyar Kumasi mai nisan kilomita kusan 250. Ba a yi ta don hanyar burji ko kayan nauyi ba.

A Ghana, sunan kamfani ba shi ne farkon abin dubawa ba. Zafi, shekarun taya da ƙarfin gefenta a gaban ramuka su ne ke raba tayar da za ta kai mutum gida da wadda za ta bar shi a bakin hanya.

Karanta jikin taya

Girman da mota ke bukata yana rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, wasu motocin kuma a murfin tankin mai. Can ake dubawa, ba tayar da ke kan motar ba, domin yawancin motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema sun riga sun bi ta hannu da yawa, kuma ba mamaki wani ya sa abin da ya samu.

A ɗauki misalin 205/55 R16 91V. Lamba 205 faɗin taya ce a milimita. 55 na nufin tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari ne na faɗin, wato milimita 113 ke nan. R ta nuna ƙirar radiyal, wadda kamfanin Michelin ya yi wa rajista a 1946, yau kuma kusan duk ƙananan motoci ita suke amfani da ita. 16 tsayin wili ne daga baki zuwa baki, a inci. 91 ma'aunin nauyi ne: taya ɗaya na ɗaukar kilo 615. Lamba 88 na ɗaukar kilo 560, 94 kuwa kilo 670. Harafin ƙarshe na gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270.

Wasu kan ce tunda iyakar gudu a babbar hanyar Accra zuwa Tema kilomita 100 ce a awa, harafin gudu ba shi da amfani. Yana da shi. Tayar da aka gwada a kan gudu mai yawa ta fi jure zafi, shi kuwa zafi shi ne babban makashin taya. Saboda haka ba a saukowa ƙasa da nauyi ko harafin da mai ƙera motar ya rubuta. Hawa sama ba laifi. Tayar da aka rubuta wa XL tana ɗaukar nauyi fiye da takwararta mai girma ɗaya idan an ƙara mata iska, kuma ta dace da motar da ke yawan cika da mutane da kaya. Wadda girmanta ya ƙare da harafin C, kamar 195 R15C, ta motocin haya irin tiro-tiro ce. A ƙaramar mota tauri kawai za ta ƙara.

Canza girma

Ana iya canza girma muddin tsayin taya gaba ɗaya bai kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari ba. Tsayin 205/55 R16 milimita 632 ne, na 195/65 R15 kuma 634 da rabi, don haka kusan ɗaya suke, kuma ana samun Corolla da kowanne daga cikinsu. Amma 205/60 R16 ta kai milimita 652, ta ɗan haura iyakar: agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya, tana kuma iya gogar jikin mota idan an karya sitiyari har ƙarshe.

Samarin da ke sa wili mai inci 18 da siririyar taya don ado suna biyan kuɗin adon a kan hanya. Gajeren gefe ba shi da wurin lotsawa. Idan taya ta faɗa rami, bakin wili yakan matse robar da bakin ramin ya yanke zaren da ke ciki, bayan kwana kaɗan sai kumburi ya fito a gefe. Kumburin ba ya gyaruwa, tayar ta mutu ke nan ko da jiya aka saye ta. Ga mai bin lungunan Nima da Maamobi ko na Aboabo da Asawase, inda ake yawan gogar bakin kwata wajen ajiye mota, gefe mai 60 ko 65 ya fi rufin asiri.

Zafi, ruwa da shekaru

Tayoyin da aka yi don kasuwar Amurka suna ɗauke da makin gwaji uku. Treadwear lamba ce ta daɗewa: tayar doguwar tafiya takan kasance tsakanin 500 da 800, ta motar gudu kuwa 200 zuwa 300. Kamfani ne da kansa ke ba tayarsa wannan lamba, don haka ta fi amfani wajen kwatanta tayoyin kamfani ɗaya. Traction na nuna kamun birki a jiƙaƙƙiyar hanya, daga AA zuwa A, B da C. Temperature kuma juriyar zafi ce: A, B ko C. Tayoyin Turai sababbi kan zo da takarda manne da ke nuna shan mai da kamun jiƙaƙƙiyar hanya daga A zuwa E, da kuma ƙarar taya.

Dokokin zirga-zirga na Ghana na 2012, waɗanda aka fi sani da L.I. 2180, sun shar'anta cewa zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, kada taya ta haura shekara huɗu daga ranar ƙera ta, sun kuma hana ajin C na zafi. Ko ba don doka ba, ajin A ne ya dace da mai doguwar tafiya da rana tsaka, musamman mai wuce Kumasi zuwa Tamale.

Ranar ƙera taya tana ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu cikin ɗan zagaye. 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Sau da yawa gefe ɗaya kawai ke ɗauke da cikakkiyar lambar, sai an juya tayar. Idan lambobi uku ne, an yi ta kafin shekarar 2000. Roba na tsufa ko ana amfani da ita ko tana ajiye: tana bushewa, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa, zafi da rana kuma suna gaggauta hakan. Taya na iya zama sabuwa dal ba ta taɓa ƙasa ba, alhali ta yi shekara uku a shago.

Ruwa ma yana da nasa hukuncin. Sabuwar taya na zuwa da zane mai zurfin milimita 8 ko kusa da haka, aikinsa kuma fitar da ruwa daga ƙarƙashinta. Cikin ramukan zanen akwai 'yan tudu da ke nuna iyakar 1.6, idan suka yi daidai da saman roba, taya ta yi sanƙo. Amma kamun jiƙaƙƙiyar hanya yana raguwa tun kafin nan, shi ya sa masana da yawa ke ba da shawarar canji a milimita 3. A kudancin Ghana damina biyu ake yi, babbar daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba. Wanda zai canza taya, gara ya yi kafin ruwan Afrilu.

Sabuwa ko gwanjo

Ana sayen taya a shagunan dillalan kamfanoni, ko a manyan kasuwannin kayan mota: Abossey Okai a Accra da Suame Magazine a Kumasi. A can ne tayar gwanjo, wadda ake kira hom-yus, ta fi yawa, kuma araha ce ke kai mutane gare ta. Akwai mai kyau a ciki, sai dai tarihinta ba ya rubuce a jikinta.

Babban tarko shi ne tayar ƙanƙara. Tana da zane mai zurfi da ƙananan tsage-tsage masu yawa, a ido ta fi kowace kyau, mai shago kuma zai ce, «Alhaji, duba zanen nan, ko rabi ba a ci ba.» Alamarta hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. An haɗa robarta don sanyin da bai kai digiri 7 ba. A kwaltar da rana ta gasa sai ta yi laushi fiye da kima, ta cinye da wuri, birki kuma ya ƙara nisa. Haruffan M+S kaɗai ba su mai da taya ta ƙanƙara ba, domin yawancin tayoyin doguwar tafiya na Amurka suna ɗauke da su. Haka nan zagayen da ke da E1 ko E4 a ciki ba ya nufin a Jamus ko Holan aka ƙera ta. Ƙasar da ta amince da ingancinta yake nunawa. Ƙasar ƙira tana rubuce daban.

Wanda dole ta sa shi sayen gwanjo ya duba ta kafin a ɗora a wili. A leƙa ciki da fitila: faci a gefe, garin roba baƙi, ko wani layi da ya goge kewaye da cikin gefe, duk alamu ne cewa an yi tafiya da ita babu iska, zarenta ya riga ya raunana. A shafa bakin da ke kama wili, kada a ji yanka ko waya a waje. A matsa gefen da hannu a ga ko ƙananan tsagu za su buɗe. A kuma lura da zanen da aka sake yankawa da wuƙa mai zafi: layinsa ba ya miƙewa daidai, 'yan tudun nan na iyaka sun ɓace, wani lokaci har waya na leƙowa a ƙasan ramin. Tayar ƙaramar mota ba ta da kaurin da za a sake yanka mata zane. Bayan an hura iska a mirgina ta a ƙasa. Idan tana rangaji ko wani wuri ya tasa, wayar ciki ta rabu da roba.

Guda nawa, kuma a ina

Mafi kyau a canza huɗu tare. Idan aljihu bai kai ba, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a layi ɗaya, kuma a baya, ko da motar da ƙafafun gaba take ja. Direbobi da yawa ba su yarda da wannan ba, amma dalilin a fili yake: idan gaba ya sulɓe a ruwa direba na ji a sitiyari ya sassauta, idan baya ne ya sulɓe motar juyawa take yi. Motar da ke ja da ƙafa huɗu tana son tayoyi masu tsayi ɗaya, domin bambancin zane mai yawa yana wahalar da na'urar raba ƙarfi.

Wajen ɗorawa

Tayar da ke da kibiya da kalmar Rotation hanya ɗaya take juyawa. Wadda aka rubuta wa Outside kuma wannan gefen ne ke kallon waje. A sa sabon bawul tare da sabuwar taya, don tsohon yakan tsage daga gindi ya riƙa sace iska. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga ƙirar 2008 suna da na'urar auna iska, a yawancinsu tana manne da bawul ta ciki, kuma ƙarfen da mai faci ke ɓamɓare taya da shi yana karya ta cikin sauƙi. A gaya masa tun kafin ya fara. A yi balansin a kan inji. Rashinsa ne ke sa sitiyari rawa idan gudu ya doshi kilomita 90 zuwa 110. Notin wili ana ɗaure su ne a gicciye, ba bi da bi ba, da ƙarfin da littafin motar ya faɗa, wanda a ƙananan motocin Toyota da yawa Nm 103 ne (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Hawa kan sifana da ƙafa yana miƙar da ƙusoshin har su karye.

Tsohuwar taya na faɗin ciwon motar, don haka a dube ta kafin a bar ta. Cinyewa a tsakiya iska ce ta yi yawa, a gefuna biyu iska ce ta yi kaɗan, a gefe ɗaya alaimen ne ya kauce, cinyewa tudu da kwari kuma ta fi zuwa daga mataccen shokazoba. Idan ba a gyara ba, sabuwar ma haka za ta bi.

Iskar da ta dace tana kan takardar ƙofa, galibi psi 30 zuwa 35 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne). Lamba 44 ko 51 da ke jikin taya iyakar abin da take ɗauka ce, ba abin da za a hura ba, kuma dukan taya da ƙarfe a saurari ƙararta ba awo ba ne. Ana aunawa da safe kafin mota ta yi tafiya, sau ɗaya a wata, domin lafiyayyar taya ma tana rasa psi 1 zuwa 2 a wata. Idan ta ɗau zafi a hanya awon zai hau, ba a rage mata. Ana sauya wa tayoyi wuri duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. Hudar ƙusa tana faciwa idan a kan zane take kuma ba ta wuce milimita 6 ba, a cire tayar a yi facin ta ciki. Hudar gefe ba ta da faci. Siririyar safaya da ke zuwa da wasu motoci psi 60 take so, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita.