Faya-fayan saikedelik na 1966 zuwa 1969 da gardamar wanne ya fi

Saikedelik rok wani salon kiɗa ne da ya ɓulla a Ingila da Amurka wajen 1966, ya yi tashe sosai a 1967, kafin 1970 kuma har ya fara lafawa. Kalmar daga Girkanci aka haɗa ta, ma'anarta kusan fito da abin da ke ɓoye a ƙwaƙwalwa. Wani likita ɗan Ingila, Humphry Osmond, shi ya ƙirƙire ta a shekarun 1950 don ƙwayoyi irin su LSD, sai makaɗa suka ara tunda su ma so suke kiɗan ya juya wa mai ji kai kamar yadda ƙwayar ke yi. Shi ya sa za ka ji jita tana kuka tana ja, an juya tef baya, an shigo da sitar, wani irin molo na Indiya, waƙa ɗaya ta doshi minti goma ba ta da niyyar tsayawa. Cibiyoyinsa biyu ne, Landan da San Faransisko.

Faifan da aka fi gardama a kansa shi ne Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band na Beatles. Ya fito tsakiyar 1967, ya yi mako 15 a saman jadawalin Amurka, ya ci lambar yabon kiɗa ta Grammy ta faifan shekara a 1968, karon farko da faifan rok ya ci ta. Da injin tef mai layi huɗu kacal aka naɗe shi a situdiyon Abbey Road, in layukan sun cika sai furodusansu George Martin da injiniyansa Geoff Emerick su tattara su a layi ɗaya na wani tef a samu wurin ƙari, haka aka yi ta ɗorawa. Mutane sun ɗauke shi kamar ba a taɓa kiɗa ba sai ranar, amma tun lokacin Richard Goldstein ya caccake shi a jaridar New York Times, a ganinsa ado ya fi waƙa yawa, aka kuwa yi masa ca. To ga shi yanzu ƙorafin nasa ya samu magoya baya. Mujallar Rolling Stone ta sa shi na 1 a jerin faya-fayai 500 a 2003, da ta sake jerin a 2020 sai ga shi na 24, Revolver, faifan Beatles ɗin na 1966, ya wuce shi, Pet Sounds na Beach Boys kuma yana nan daram a na 2. Gaskiya masu fifita Revolver suna da hujja, waƙoƙinsa sun fi tsayuwa da ƙafarsu, ga shi an cire waƙoƙin Strawberry Fields Forever da Penny Lane daga Pepper an sayar da su daban, abin da shi kansa Martin ya yi ta nadama daga baya.

Akwai kuma waɗanda kasuwa ta juya wa baya tun farko. The Velvet Underground & Nico, mai hoton ayaba na mai zane Andy Warhol a bango, bai wuce na 171 a jadawalin Billboard na Amurka ba da ya fito a 1967, gidajen rediyo sun guje shi saboda maganar miyagun ƙwayoyi da rayuwar bariki ƙiri-ƙiri. Forever Changes na ƙungiyar Love ya tsaya a na 154 a Amurka duk da a Ingila an ɗan karɓe shi. Su Zombies ma abin nasu har da ban tausayi, kafin Odessey and Oracle ya fito a 1968 sun riga sun watse, sai a 1969 waƙarsu Time of the Season ta fashe a Amurka babu mai hawa dandali ya rera ta. Yau duk ukun suna sahun gaba wajen masu sharhi.

Jimi Hendrix kam ba a cika ja a kansa ba, Are You Experienced ya kai na 2 a Ingila, Pepper ne ya tare masa hanya, gardamar kawai ita ce shi ko Electric Ladyland na 1968. Masoyan Pink Floyd kuwa gida biyu suke, masu cewa The Piper at the Gates of Dawn na zamanin Syd Barrett, jagoransu na farko, shi ne na asali, da masu ganin wasan yara ne kafin a fara aikin gaske. 'Yan ƙungiyar Rolling Stones da suka gwada salon a Their Satanic Majesties Request, Disamba 1967, kwaikwayo aka ce sun yi, ba shiri suka koma kiɗansu na bulus (blues) a faifan Beggars Banquet.

Wani abin da ke ƙara rikita hukuncin shi ne ba sauti ɗaya kowa ya ji ba. A 1967 yawancin gidaje a Ingila garmaho mai sifika ɗaya gare su, don haka Beatles a kan haɗin mono na Pepper, wato na sifika ɗaya, suka zauna, na sitiriyo mai sifika biyu ma'aikatan situdiyo aka bar wa suka gama cikin 'yan kwanaki, kuma shi ne aka sa a CD a 1987, shi mutane suka saba da shi, ganga can gefe ɗaya murya can wani gefen. A mono waƙar She's Leaving Home ta fi sauri, muryar ta fi tashi sama. Sai a 2017 Giles Martin, ɗan George, ya sake haɗa sitiriyon yana bin sawun na monon.