Waiwaye: Jiragen da abin cikinsu ya kifar da su

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda zai tsallaka teku da motarsa galibi sai ya tsaya a tasha yana kallon ƙugiya ta ɗaga ta sama, ta sauke ta cikin jirgi, ɗaya bayan ɗaya. Aikin yana cin lokaci, kuma jirgin da ke ɗaure a bakin tasha ba ya kawo wa mai shi ko sisi. A lokacin yaƙin ne aka yawaita ƙera jiragen da ke wangale baki su sauke tankokin soja a gaɓa, da aka gama yaƙi sai kamfanonin fito suka rungumi dabarar hannu biyu: a yi wa jirgi babbar ƙofa, mota ta shiga da ƙafarta, ta fita da ƙafarta. Jiragen da ke ɗaukar taragun jirgin ƙasa sun daɗe da wannan tsari, amma daga ƙarshen shekarun 1940 ne ya zama ruwan dare.

Sauƙin ya zo da farashinsa. Jirgin da aka saba da shi ana raba cikinsa ɗaki-ɗaki da bangon ƙarfe, ta yadda in ruwa ya fasa wuri guda zai tsaya a nan. Jirgin motoci kuwa zaure ne guda ɗaya doguwar riga, daga goshi har wutsiya, babu shamaki, ga shi kusa da fuskar ruwa, ga kuma ƙatuwar ƙofa a ƙarshensa. Duk yarinyar da ta taɓa ɗauko ruwa a faffaɗan daro ta san abin da ke faruwa: da ta ɗan karkata, ruwan duka ya gudu gefe guda, ya ja ta ya bi, shi ya sa ake jefa ganye ko ƙoƙo a kai. Ruwan da bai wuce idon sawu ba, in ya bazu a zauren motoci, nauyinsa ya kai tan ɗaruruwa, kuma duk sanda jirgi ya jirkice sai ya kwarara can ya danne shi, ya hana shi miƙewa.

Birtaniya ta ga wannan da idonta. Jirgin Princess Victoria, wanda aka ƙera a 1947, yana zirga-zirga tsakanin Stranraer a Sikotlan da Larne a Ailan ta Arewa, tafiyar da ba ta kai awa uku ba. Ranar 31 ga Janairu 1953, da ƙarfe takwas saura kwata na safe, kyaftin James Ferguson ya fita da shi duk da gargaɗin iska mai ƙarfi. Yana barin lungun ruwan da ke ba tashar kariya, igiyoyin ruwa suka daki ƙofofin baya suka lanƙwasa su. Ma'aikata sun yi fama su rufe, abin ya faskara. Ruwa ya malale zauren motoci, ramukan da aka tanada domin ya riƙa zurarewa waje kuwa sun yi ƙanƙanta. Kyaftin ya so ya koma da baya-baya, sai dai wannan yana buƙatar a zare wani ƙarfe da ke riƙe da sitiyarin goshin jirgi, kuma mutanen da aka tura gaba sun kasa zare shi saboda yadda ruwa ke zubo musu. Haka ya juya ya nufi Ailan, jirgi yana ƙara kwanciya ta dama.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne an yi awa huɗu ana magana da jirgin. Mai kula da wayar iska, David Broadfoot, ya aika saƙon farko da wajen goma saura kwata, ya ci gaba da buga saƙo har dab da ƙarfe biyu na rana, yana zaune a ɗakin da ya riga ya kwanta a gefe. Amma wurin da ake ba masu ceto ba daidai ba ne. Ana neman jirgin a kusa da gaɓar Sikotlan, alhali injinsa yana aiki, yana ta jan sa zuwa gaɓar Ailan. Ya nitse kusa da tsibiran Copeland. Mutum 135 suka rasu, 44 suka tsira, kuma a cikin waɗanda suka tsira babu mace ko yaro ko ɗaya, domin kwale-kwalen ceton da aka zuba mata da yara a ciki igiyar ruwa ta maka shi a jikin jirgin. Babu hafsan jirgin da ya rayu. Cikin mamatan har da mataimakin firayim ministan Ailan ta Arewa, Maynard Sinclair. Broadfoot ya samu lambar yabo ta George Cross bayan ransa.

Kotun bincike ta zauna a Belfast cikin watan Maris na shekarar, ta ce ƙofofin baya ba su da ƙwarin da ya kamata, hanyar fitar da ruwa daga zauren motoci ba ta wadatar ba, ta kuma ɗora laifin a kan hukumar sufuri ta Birtaniya mai jirgin. An tuna wa kotun cewa tun a 1951 ruwa ya taɓa shiga ta waɗannan ƙofofi. Hukuncin a fili yake, sai dai hankalin duniya yana wani wuri: a daren ranar da jirgin ya nitse, guguwar nan ce ta fasa ganuwar teku a Holan, inda mutum 1,836 suka mutu, da gabashin Ingila, inda aka rasa fiye da 300.

Ba a cika shekara biyu ba abin ya auka wa Japan, ya kuma ninka. Hukumar jiragen ƙasa ta ƙasar tana da jiragen fito tsakanin Aomori a tsibirin Honshu da Hakodate a tsibirin Hokkaido, waɗanda ke ɗaukar fasinja a sama, taragu a ƙasa, kuma bayansu a buɗe yake, babu ƙofa sam. Ranar 26 ga Satumba 1954 mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Marie ta doshi yankin, aka ɗage tashin jirgin Toya Maru. Da yamma, wajen ƙarfe biyar, sai gari ya washe, iska ta lafa. Kyaftin ya ɗauka tsakiyar guguwar ce ta wuce, don haka abin da ya rage ba zai yi tsanani ba. Babu tauraron ɗan adam da zai nuna masa cewa guguwar ta rage gudu, tana ƙara ƙarfi, tana nan yamma da shi. Da ƙarfe shida da minti 39 ya bar tasha da mutum kusan 1,300.

Bai yi nisa ba ya ga ba dama, ya saki anga a bakin tashar, iska ta riƙa jan jirgin da angarsa. Ruwa yana shigowa ta baya, yana taruwa a zauren taragu, yana tsiyaya ta murafan da ke ƙasa zuwa ɗakin injin da rumbun kwal, har injinan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Jirgin ya tafi ya dafe a rairayin Nanaehama, mitoci ɗaruruwa kaɗan daga tudu, fasinjoji suna ganin kamar an tsira, sannan ya kife kafin ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Mutum 1,155 suka rasu. Wasu jiragen taragu huɗu na wannan hukuma sun nitse a daren, jimillar mamata ta kai 1,430.

Japan ta ɗauki abin da gaske, musamman da ya kasance bayan wata takwas, a Mayun 1955, wani jirgin hukumar mai suna Shiun Maru ya yi karo da ɗan'uwansa cikin hazo, mutum 168 suka mutu, akasarinsu 'yan makaranta. An sa wa jiragen Hakodate ƙofofin baya masu hana ruwa shiga, an kuma farfaɗo da tsohon shirin haƙa rami a ƙarƙashin mashigin tekun da ke tsakanin Honshu da Hokkaido. Ramin Seikan, mai tsawon kusan kilomita 54, an buɗe shi a Maris 1988.

Ba ruwa kaɗai ke gudu a cikin jirgi ba, hatsi ma yana yi. Pamir jirgin dakon kaya ne na Jamus mai tafiya da filafilai, an ƙera shi a 1905, yana ɗaya daga cikin na ƙarshe irinsa da suka rage suna kasuwanci. A watan Agusta 1957 ya bar Buenos Aires ta Ajantina da sha'ir tan 3,780, da mutum 86, 52 daga cikinsu samari ne masu koyon aikin jirgi. Maimakon a ɗura hatsin a buhu, an zuba mafi yawansa ne haka nan a cikin ramukan kaya, aka jera buhuna kaɗan a sama su danne. Har tankin da ake cika wa ruwa domin daidaita jirgi an cika shi da sha'ir. Ranar 21 ga Satumba guguwar Carrie ta riske shi a tsakiyar tekun Atilantika, can yamma da tsibiran Azores. Ya karkata hagu, hatsin ya zame ya bi, bai sake tashi ba. Mutum shida aka tsamo da rai. Bayan 'yan makonni abokin tafiyarsa Passat, shi ma ɗauke da sha'ir, ya shiga irin wannan hali, abin da ya fisshe shi shi ne ya iya cika tankinsa da ruwa.

A Girka kuma babbar mota guda ce ta yi ɓarnar. Daren 8 ga Disamba 1966 jirgin Heraklion, tsohon jirgin Birtaniya da aka mayar na fito, yana kan hanya daga tsibirin Kirit zuwa Piraeus cikin iska mai ƙarfi. Wata motar dakon lemo mai firji, da ba a ɗaure ta da kyau ba, ta yi ta kai-komo tana dukan ƙofar gefe har ta ɓalle ta. Cikin 'yan mintoci jirgin ya kife, fiye da mutum 200 suka halaka. An ɗaure wasu shugabannin kamfanin Typaldos, kuma daga nan ne hukumomin Girka suka fara hana jiragen fasinja fita in iska ta kai wani mizani, maimakon a bar wa kyaftin, wanda shi kuma yana kallon fuskar maigidansa.

Kada a ce babu doka a wancan zamani. Yarjejeniyar kare rayuka a teku ta samo asali tun 1914, bayan Titanic, an kuma sabunta ta a 1929, 1948 da 1960, kuma ta 1960 tana da babi kan dakon hatsi. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin teku ta fara zama a 1959. Amma ƙa'idojin sun fi mai da hankali kan ruwan da ke fasowa ta ƙasan jirgi. Zauren motoci ana lissafa shi a matsayin wurin da ke sama da ruwa, kamar ruwa ba zai taɓa hawa can ba. A ganina ba jahilci ba ne ya sa aka bar shi haka, domin masu ƙera jirgi sun san lissafin sarai. Kowane bango da za a gitta a zauren zai rage yawan motoci, ya kuma tsawaita zaman tasha, kuma babu kamfanin da ke son ya fara ɗaukar wannan asara alhali abokin gasarsa bai ɗauka ba.

Sai da Turai ta sake binne ɗaruruwa. Ranar 6 ga Maris 1987 jirgin fito Herald of Free Enterprise ya bar Zeebrugge ta Beljiyam ƙofofin gabansa a buɗe, saboda wanda zai rufe yana barci, kuma kyaftin ba shi da wata fitila da za ta nuna masa, duk da cewa kyaftin-kyaftin na kamfanin sun taɓa roƙon a sa musu. Ya kife cikin kusan minti ɗaya da rabi, mutum 193 suka mutu. Ranar 28 ga Satumba 1994 murfin goshin jirgin Estonia ya cire a tekun Baltik, aka rasa 852. Bayan wannan ne ƙasashen arewa maso yammacin Turai suka ƙulla yarjejeniyar Stockholm a 1996, wadda ta wajabta jirgin fito ya iya tsayuwa ko da ruwa ya taru a zauren motocinsa har zuwa santimita 50. Shekara 43 ke nan bayan hukuncin kotun Belfast.

Tsofaffin jiragen da gyaransu ya yi wa kamfanonin Turai tsada ba duka aka kai mayanka ba, da yawa an sayar da su kudu, wasu suka ƙare a Bahar Maliya, tekun da alhazanmu na tafiyar ƙasa suka riƙa tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda. Tun a Disamba 1991 Salem Express, tsohon jirgin Faransa, ya daki dutsen ƙarƙashin ruwa kusa da Safaga ta Masar a hanyarsa daga Jidda, ƙofar gabansa ta buɗe, hukuma ta ƙirga mamata kusan 470. Al-Salam Boccaccio 98 kuwa an ƙera shi a Italiya a 1970, aka ƙara masa benaye a 1991, aka sayar wa wani kamfanin Masar a 1999. Daren 2 zuwa 3 ga Fabrairu 2006 ya tashi daga Duba ta Saudiyya da mutum kusan 1,400, galibi Misirawa ma'aikata da wasu alhazai masu komawa gida. Wuta ta tashi, aka yi ta feshin ruwa, ruwan kashe wutar ya taru a zauren motoci saboda magudanan ba sa ja, jirgin ya karkata ya kife. Fiye da mutum 1,000 suka rasu. Mai kamfanin, Mamdouh Ismail, wanda ɗan majalisar shura ne a lokacin, ya fice zuwa Landan. Wata kotu ta wanke shi a 2008, sannan a Maris 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke masa ɗaurin shekara bakwai ba ya nan.