Hasken fuska daban, farin fuska daban

Wata ranar awo, mun sallami masu ciki ke nan ina shirin tashi salla, sai ga wata Hajiya ta shigo riƙe da hannun 'yar ƙanwarta. Yarinyar ba za ta wuce shekara ashirin ba. Ta ja mayafi ta rufe har hanci, ga shi kuwa ranar ana zabga zafin nan na Agege a Legas mai haɗe da gumi. Hajiya ta ce, "Sista, don Allah duba mana fuskar yarinyar nan, biki saura wata biyu." Na ce, "Ƙanwata, buɗe in gani." Da ta sauke mayafin sai da gabana ya faɗi. Kumatunta sun yi jajur kamar an watsa musu ruwan zafi, fatar ta yi rauni har ana hango ƙananan jijiyoyi a ƙarƙashinta, ga ƙuraje ƙanana iri ɗaya sun feso daga goshi har haɓa. Na kama hannunta na duba, bayan hannu fari tas, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin.

Na tambayi me take shafawa. Hajiya ta zuge jaka ta fito da wata farar roba, babu suna a jiki, babu lamba, babu ranar lalacewa. Ta ce, "Haɗi ne, wata ce take yi. Ta rantse mana ba bilicin ba ne, gyaran jiki ne kawai, duk kayan gargajiya ne." Wata huɗu yarinyar tana shafawa safe da dare. A makonnin farko, in ji ta, har ƙawaye na bin ta suna tambayar sirrin.

Wannan robar ce ta sa na zauna rubuta wannan. Kusan kullum sai wata ta tare ni, a wurin aiki ko a gidan suna, ta ce in faɗa mata abin da za ta shafa fuskarta ta yi haske. Idan na bi zancen a hankali, sai in tarar abu biyu aka haɗa wuri ɗaya. Akwai fata mai lafiya, mai santsi da sheƙi, wadda baƙa ma tana iya samu, wankan tarwaɗa ma haka. Akwai kuma fari, wanda halitta ce, ba a sayensa a roba sai da asara. Mun taso muna jin ana cewa farar mace alkyabbar mata, har wasu samari na cewa fara ko mayya ce a kawo. Maganganun nan ba a iska suke tafiya ba, a kunnen 'ya'yanmu suke sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, NAFDAC, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya.

Bari in faɗa muku abin da yawanci ke cikin irin waɗannan haɗe-haɗen. Na farko, kuma wanda na fi ganin ɓarnarsa, shi ne sitiroyid. Magani ne na gaske, likita yakan rubuta shi don wasu cututtukan fata, a shafa ɗan kaɗan na 'yan kwanaki a daina. A jikin kwalinsa za ki ga an rubuta Clobetasol ko Betamethasone, kuma yana cikin yawancin man nan na tub da ake kira mai aiki uku, wanda ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Masu haɗi sukan matse tub biyu ko uku a cikin man shafawa su juya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne saurin aikinsa: cikin kwanaki ja da ƙaiƙayi sun kwanta, fuska ta washe. Amma yana cin kaurin fata ne a hankali. Bayan watanni sai nankarwa ta fito a damtse da cinya, gashi ya tsiro a kumatu, ƙuraje su feso, makero da kyasbi su samu wurin zama domin garkuwar fatar ta karye. Ɗan ƙwarzane sai ya daɗe bai warke ba, ranar da tiyata ta kama kuwa ɗinki ma wahala yake ba likita. Kuma ba a fata kaɗai yake tsayawa ba. Idan ana shafe jiki da shi na tsawon lokaci yana shiga jini, yana iya tayar da hawan jini da ciwon suga.

Na biyu shi ne haidrokwinon, wanda ke hana fata yin sinadarin da ke ba ta launi. Wannan sinadarin kuwa shi ne laimar da Allah ya yi mana daga rana. Wadda ta daɗe tana shafa shi, ta kuma shiga rana, sai ƙasan idonta da saman kumatu su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi kamar ƙuna. Duk mun san fuskokin nan, muna ganinsu a kasuwa da cikin mota. Wannan tabon yana da wuyar fita ƙwarai, shi ne ainihin garin neman gira a rasa ido. Na uku zaiba ce, wadda ake sa wa wasu sabulai da mayuka. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kaiwa ga ɗan da ke ciki, tana bi ta nono, har wanda kuke goge jiki da tawul ɗaya bai tsira ba. Dokar kayan kwalliya ta ƙasar nan ta hana zaiba da sitiroyid a cikin man shafawa. Amma roba marar suna ba ta bi ta gaban kowace hukuma ba, ita mai haɗawar ma sau da yawa ba ta san yawan abin da ta zuba ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yara. Na sha karɓar jariri a wurin rigakafi in ga jikinsa ya yi wani fari da ba nasa ba, in tambaya, uwar ta ce ai tana ɗan haɗa masa da man tub ne don ƙurajen zafi, ko don kada ya dushe. Fatar jariri ta fi tamu shan abin da aka shafa mata nesa ba kusa ba. Don girman Allah, 'yan uwana, ku bar wa yara launinsu.

To me za a yi fuska ta yi kyau? Abu ne mai araha, sai dai yana son haƙuri. Fata takan ɗauki kimanin mako huɗu kafin sabuwa ta maye gurbin tsohuwa, saboda haka duk abin da ya canza miki fuska cikin kwana bakwai, ki ji tsoronsa.

A fara da wanki. Legas ba Kano ba ce, ba Sakkwato ba ce. A can iska a bushe take, nan kuwa damshin teku ne kusan duk shekara, ga hayaƙin motocin haya na danfo da na janareta, ga gumi tun safe. Ki wanke fuska sau biyu a rana, safe da dare, da sabulu marar ƙarfi da tafin hannunki. Soson wanka ba na fuska ba ne. Da yawa suna dirzar fuska kamar gindin tukunya da zaton datti ne ke kawo ƙuraje, alhali dirzar ce ke ƙara fusata fatar. Alwala tana rage gumi da ƙura a tsakanin rana, ba sai kin ƙara da sabulu kowane lokaci ba. Sabulun salo, wanda makwabtanmu Yarbawa ke kira ose dudu, yana wanke maiƙo sosai, amma yana da kaifi. In kin ji fuskarki na ɗaurewa ko zafi bayan kin wanke, ki rage. Ki kuma kula, yanzu akwai masu cakuɗa shi da sinadaran bilicin su sayar da sunan na gargajiya. Kada ki kwana da hoda ko fandeshan komai gajiyar biki.

Man kaɗanya abin alfaharinmu ne, kuma yana da kyau ga busasshiyar fata, ga leɓe da kaushi, musamman in hunturu ya ɗan leƙo Legas a Disamba da Janairu. Amma yadda kakanninmu ke laɓta shi a Arewa, in mai maiƙon fuska ta yi haka a damshin nan, ƙuraje za ta girba. Ita mai maiƙo mai marar nauyi ya ishe ta, ɗan kaɗan. Wani abin da na lura da shi a wurin matanmu: ƙurajen da ke bin layin goshi da gefen kumatu, daidai inda bakin hijabi ke zama. Gumi ne da man kitso da gogar yadi suka haɗu. A riƙa wanke hijabi da ɗankwali akai-akai, a rage man da ake zuba wa gaban kai, a canza rigar filo duk mako, kowa kuma da tawul ɗinsa.

Sai rana. Mutane suna mamaki in na ce baƙar fata ma tana buƙatar kariya daga rana. Tana buƙata, domin rana ce ke ƙara duhun tabo, ita ce kuma ke sa fuska ta rabu launi biyu. Mai hali ta nemi man kariya daga rana wanda aka rubuta SPF 30 ko sama a jikinsa, ta shafa da safe, ta ƙara in za ta daɗe a waje. Na san kuɗinsa ba na kowa ba ne. Wadda ke zaman talla ko ta wuni a kasuwar Mile 12 ta nemi inuwa ko laima, malafa ma ba abin kunya ba ce.

Ƙurajen fuska kuwa, babbar dokarsu kada a matse. A irin fatarmu duk ƙurjin da aka matse sai ya bar baƙin tabo, ƙurjin ya tafi cikin mako guda, tabon ya zauna watanni. Kuma wannan tabon ne ƙofar da 'yan mata da yawa ke shiga bilicin ta cikinta, ba don suna son fari ba tun farko. A daina shafa lemon tsami, yana ƙona fata, balle a shiga rana da shi. Man goge baki na haƙori ne, kanwa ta miya ce. Akwai magungunan ƙuraje na gaskiya da masanin magunguna zai nuna miki a famasi mai rajista, irin wanda aka rubuta Benzoyl peroxide a jikinsa, amma sai an yi mako shida zuwa takwas ana amfani da su kafin a ga canji. Mai ciki kada ta shafa ko ta sha wani maganin ƙuraje sai ta tambaya, akwai masu illa ga ɗan tayi. Duhun da ke fito wa wasu masu ciki a kumatu da goshi ma yakan ragu da kansa bayan haihuwa, abin da yake so shi ne a kare shi daga rana.

Dilka da kurkum da halawa ba ni da faɗa da su, al'adarmu ce, nima an yi mini. Sharaɗina biyu ne: amarya ta san abin da aka zuba a kwaɓin, kuma a gwada a ɗan wuri a hannu kwana ɗaya kafin a kai fuska. Wasu masu gyaran jiki yanzu suna ƙara sinadarai don amarya ta fito fes ranar kamu, bayan wata guda a bar ta da ango da fuska mai tabo.

Maza, ban manta da ku ba. Ƙurajen da ke fitowa a haɓa da wuya bayan aski gashi ne ke lanƙwashewa ya koma cikin fata. Kada a kankare gemu ƙwal da reza, a bar ɗan tsawo da kilifa, a bi yadda gashin ya kwanta, kuma kowa ya mallaki kilifarsa in da hali. Na kuma san akwai samarin da ke shafa haɗin nan a ɓoye. Illar ɗaya ce.

Abinci da barci suna da nasu rabon. Lemon kwalba da kayan zaƙi da yawa suna iya tayar wa wasu ƙuraje. Zogale, alayyafo, wake, kifi, gwanda, lemo, duk ga su a kasuwa. Sau da yawa matar da ta ce mini fuskarta ta dushe, in na ja ƙasan idonta sai in ga fari fat: jini ne ya yi ƙasa, daga haihuwa kusa-kusa ko yawan zubar jinin al'ada. Wannan babu man da zai gyara shi, sai gwajin jini da magani.

Wadda ta riga ta daɗe a kan haɗi, ina roƙonta kada kunya ta hana ta zuwa, ba zagi za mu yi ba. Kuma kada ta yanke shi dare ɗaya ita kaɗai, musamman in jiki duka take shafawa. Fatar da ta saba da sitiroyid in aka tsayar farat ɗaya takan yi ja da zafi da saɓa, shi ya sa da yawa suke komawa suna cewa man ne ya karɓe su. Likita ne zai tsara yadda za a janye a hankali. Akwai likitocin fata a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da na LASUTH da ke Ikeja, kuma daga ƙaramin asibitin unguwa za a iya rubuta miki takardar zuwa. Haka nan duk ƙurjin da ya ƙi warkewa, ko tabon da ke girma yana canza kama, ko kumburin fuska da ƙafa ga mai shafa haɗi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Yarinyar nan mun tura ta wurin likitan fata. Hajiya ta so a ce akwai abin da zai gyara komai kafin biki, na ce mata, "Hajiya, gaskiya wata biyu ba zai isa ba, amma in ta fara yau, zafin zai ragu kafin ranar." Bayan makonni ta dawo ita kaɗai, ƙurajen sun fara kwanciya, launinta na asali ya fara dawowa a goshi, kumatun kuwa da saura. Ta ce abin da ke damunta yanzu shi ne masu ce mata ta yi baƙi, ko lafiya. Na ce ta riƙa amsa musu da cewa lafiyar ce ta kawo haka.

In za ki zo, ki taho da duk abin da kike shafawa, roba da tub da sabulu, har da kwalin in bai ɓata ba. Kafin ki sayi wani sabo kuma, juya shi ki nemi lambar rajistar NAFDAC da jerin abin da aka haɗa shi da shi da ranar lalacewa. In babu, ajiye musu kayansu.