Don Allah ku daina aiken yara sayen sigari

Tun da hunturu ya shigo layin yara masu tari bai yanke ba a CSI ɗinmu, wato ƙaramar likitar da nake aiki. Numfashi sama-sama, ƙirji na ƙara, uwa ta kwana zaune. Ina karɓar yaron wallahi tun daga zanen goyo nake jin warin sigari, in na ce Hajiya wa ke sha a gida sai ta sunkuyar da kai ta ce babansa ne, cikin ɗaki, an rufe ƙofa da taga saboda sanyi.

Ka yi wa maigida magana ya ce ai jikina ne, kuɗina ne. To huhun ɗanka fa Malam, shi ma naka ne? Hukumar lafiya ta duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, fiye da miliyan 1 cikinsu ba su sha, hayaƙin wani suka shaƙa.

Amma abin da ya fi ƙona min rai aiken nan ne. "Kai zo, je wurin mai tebur ka sayo min kara biyu." Wani har cewa yake kunno min ita! Yaro bai gama firamare ba ya san sunan kowane kwali, gobe ka gan shi a fadar samari yana busawa ko ya rungumi tukunyar shisha ka ce yaran zamani sun lalace, alhali kai ka fara ɗora masa ita a hannu. Ku daina, don girman Allah ku daina.

Gwamnati ma ba ta fita ba. Tun 2006 Nijar na da dokar da ta hana saida wa ƙananan yara taba, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, amma zaga Kasuwar Dole ta Damagaram ko tasha ka gani, wa ke tsawatarwa? Hukuma ta sauko kan masu tebur, masu unguwa da limamai daga Birni har Zango su buɗe baki, mu a likita sai abin ya ɓaci yake iso mana.

'Yan uwana na san barinta da wuya, ba raina ku nake ba. Kafin Allah Ya yaye muku: fita waje ka sha, nesa da yara da mai ciki. Je ka sayo da ƙafarka. Mai tebur, yaro ya zo kore shi ko ɗan wa ne. Tarin da ya wuce sati biyu a zo a auna majina, in tibi ne maganin kyauta ne.